Kare ya ci guba a daji: yaushe ake sa shi amai, yaushe ne aman ke kashe shi?

Duk wanda ya taɓa kwana a rugga a arewacin Gure, can wajen Kelle ko bisa hanyar Taskar, ya san cewa makiyayi ne ke tsaron garke da rana, amma da zarar dare ya raba aikin ya koma hannun kare. Shi ne ke jin motsin dila tun tana bayan tudun yashi, shi ne ke tada mai gida in ɓarawo ya doshi turke. A cikin kwaruruwan ƙasar Manga kuwa, inda ake noman dabino da rogo ana kuma haƙar kanwa, kare ne mai gadin garka. Fulani da Tubawa da Bugaje da Mangawa da Hausawan wannan gunduma, kowa da irin zaman da yake yi da karensa: wani ya ba shi nono da hannunsa, wani ko inuwarsa ba ya so ta taɓa tabarmarsa. Amma malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a ƙasar nan, sun daɗe da halatta ajiye kare saboda kiwo da farauta da tsaron gona, saboda haka babu abin kunya in mun ɓata shafi guda a kan lafiyarsa. Makiyayin da karensa ya mutu a farkon rani ya san adadin ƴan tumakin da zai biya kafin wani kwikwiyo ya girma.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata al'ada da ta zama ruwan dare. Da an ga kare ya lashi wani abu da ake tuhuma, ko an same shi yana dalalar da miyau, sai a danne shi, a buɗe masa baki, a ɗura masa ruwan kanwa ko jiƙon mangul, wai don ya amayar da abin da ya ci. Wasu manja suke ɗurawa, wasu madara, wasu kuma su zura yatsa ko kara cikin maƙogwaro. Niyyar mai kyau ce, kuma a ƙasar da gishiri da kanwa suke fitowa daga ƙasa ba abin mamaki ba ne a ce su ne maganin farko da hannu ke kaiwa gare shi. Sai dai likitocin dabbobi na duniya sun daɗe da soke wannan hanya, domin gishirin kansa guba ne ga kare in ya yi yawa. Giram 2 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa sun isa su sa shi rawar jiki da tangaɗi da farfaɗiya, giram 4 kuwa na iya kashe shi. Babban cokali guda na gishiri ya kai kimanin giram 17. Ke nan kwikwiyo mai kilo 5 da aka ba cokali ɗaya ya riga ya shiga haɗari, musamman in aman da ake jira bai zo ba, gishirin ya zauna a ciki, ga zafin rana, ga rijiya da nisa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Kanwa kuma, baya ga gishirin da ke cikinta, tana da kaifin da ke cin naman maƙogwaro da tumbi. Raƙumi da saniya suna shan kanwa su ji daɗi, amma cikinsu daban ne, nauyinsu ma daban.

Manja da man shanu da madara su ma ba su karya guba. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa cikin maiƙo, don haka maiƙon da aka ɗura yana iya gaggauta shigarsu cikin jini. Ban da wannan, dabbar da ake ɗura wa ruwa da ƙarfi tana kokawa, sau da yawa ruwan yakan ɓace hanya ya faɗa huhu.

Kafin mu zo ga hanyar da ta dace, ya kamata mai karatu ya san cewa amai ba baƙon abu ba ne wurin kare. Allah ya yi shi da cikin da ke saurin mayar da abin da bai karɓa ba, kasancewarsa mai cin mushe da shara. Karyar da ke da ƴaƴa takan dawo daga yawo ta zubo musu abin da ta ci don su lasa, wannan ciyarwa ce, lafiyarta ƙalau. Karen da ya kwana da yunwa yakan yi aman ruwa rawaya mai kumfa da asuba. Wanda ya kwankwaɗi ruwa a rijiya bayan doguwar tafiya a watan Afrilu ko Mayu yakan mayar da shi nan take. A kwanakin sallar layya, da kitse da kayan ciki suka wadata a kowane lungu, karnukan gari sukan yi ta amai saboda cikin da ya saba da ƙanzon tuwo ya gamu da maiƙon da ya fi ƙarfinsa. Da damina kuma kwikwiyon da ya cafki kwaɗo yakan yi ta kumfar baki yana kakari. A wanke masa baki da ruwa mai yawa, kansa na kallon ƙasa, galibi yakan warware. In babban kare ya yi amai sau ɗaya ko biyu, ya tashi yana kaɗa wutsiya, abin da yake bukata shi ne a hana shi abinci na kamar awa 12, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan a koma da shi kan tuwo mai laushi ko dafaffiyar shinkafa marar mai. Kwikwiyo ne ba a barinsa da yunwa haka, don ƙarfinsa ba ya jurewa.

Aman da ke da ban tsoro kamanninsa daban ne. Na farko shi ne na cutar hanji da Turawa ke kira farbo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 ta kuma game ko'ina cikin ɗan lokaci. Ƴan kwikwiyo ƴan sati 6 zuwa wata 6 take kamawa: su daina cin abinci, su yi ta amai, sannan zawo mai jini da ɗoyi ya biyo baya, cikin kwana biyu ko uku ruwan jikinsu ya ƙare. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasar tsakar gida tana jiran wani kwikwiyo, shi ya sa za ka ji mutum na cewa gidansa ba ya riƙe kare, alhali kuwa ƙasar gidan ce ke ɗauke da cutar. Ruwan jabel da aka sirka yana kashe ta a kan kwano da daɓe, allurar rigakafi kuma tana hana ta. Sai tsutsar ciki, wadda ƴan kwikwiyo ke samu tun suna cikin uwa ko ta nono. Cikinsu ya kumbura, gashinsu ya dushe, wani lokaci su amayo ta da ranta, fara, doguwa kamar taliya. Wannan ta shafe mu kai tsaye, domin ƙwayayenta na zuba cikin rairayin da yaranmu ke wasa suna kai hannu baki. Akwai kuma wata jar tsutsa ta ƙasashe masu zafi da kare ke ɗauka in ya ci buzuzu, ko ƙadangaren da ya ci buzuzu, ta je ta yi ƙulli a bututun da abinci ke bi zuwa tumbi. Karen da ke da ita yakan mayar da abinci jim kaɗan bayan ya haɗiye, yana ramewa a hankali har wata da watanni.

Sai leda. Dokar da ta hana shigowa da ita da sayar da ita a Nijar ta fito tun 2014, amma duk wanda ya bi bayan kasuwar Gidigir ranar da ta watse ya ga yadda take maƙale a kowace ƙaya. Mahauta sun san yawan da suke fitarwa daga tumbin awaki. Kare ma yakan haɗiye wadda aka ƙunsa tsire ko kifi a ciki, ta toshe hanji, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga bakinsa har ruwa, kashi kuma ya ɗauke. Ƙashin da ya tsaya da totuwar masara haka suke yi. Dogayen karnukan farauta masu zurfin ƙirji da siririn ƙugu, irin waɗanda Turawa suka sa wa sunan Azawak, suna cikin jinsin da tumbinsu ke iya murɗewa bayan sun cika ciki sun yi gudu: ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kare na ta yunƙurin amai ba abin da ke fita. Wannan ba ya kai gobe in ba a yi aiki ba. Haka nan in an ga jini cikin amai, ko baƙi-baƙi kamar dusar gawayi, ko aman ya wuce yini guda, ko dasashin kare ya yi fari, ko an ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba, to zancen ya wuce na gida.

Mu dawo kan guba, wadda ita ce asalin maganar. Ka'idar da likitocin dabbobi ke bi gajera ce: ana sa kare amai ne kawai in an tabbata abin da ya ci, in bai wuce awa 2 da ci ba, in kuma karen yana tsaye da ƙafafunsa, idonsa biyu, yana iya haɗiya, bai fara nuna wata alama ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, a bar shi. Ko da komai ya cika, aman ba ya fitar da duka. Abin da ake samu bai cika wuce rabin abin da ke cikin tumbi ba. Wato amai jinkiri ne ake saye da shi kafin a kai ga mai magani.

Abubuwan da aman ke da amfani a kansu su ne irin ƙwayoyin mutane da kare ya tauna, kamar farasitamol da maganin ciwon gaɓɓai da ake sayarwa a bisa tire a kasuwa, waɗanda ke lalata masa hanta da ƙoda da tumbi. Ko goro da ganyen shayi masu yawa, waɗanda sinadarinsu ke hargitsa bugun zuciyarsa. Ko albasa mai yawa, mai fasa masa jini. Ko irin maganin ɓeran nan da ke hana jini daskarewa. Wannan na ƙarshe mayaudari ne. Kare zai ci ya yini lafiya, ya kwana lafiya, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara fita ta hanci da dasashi, ko ya taru a ƙirji ba a gani. Yana da makari, bitamin K1, amma na makonni ne, kuma lokotoron dabbobi ne ke rubuta shi.

Jerin abubuwan da aman ke ƙara wa muni ya fi wannan tsawo, kuma abin takaici su ne suka fi yawa a gidajenmu. Man fetur na ruwa-ruwa da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, da kananzir da gazuwal, in suka dawo ta maƙogwaro sai su tsiyaya cikin huhu su ƙone shi. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, da ruwan batir, da jabel mai ƙarfi, sun ƙona hanya da suka shiga, za su sake ƙona ta in sun fito. Ƙashi mai tsini, allura, ƙugiya ko fasasshiyar kwalba, garin neman gira sai a rasa ido. Maganin ƙwari na ruwa irin su piya-piya, wanda wasu ke wanke kare da shi don kaska, yana aiki da sauri ƙwarai: miyau ya yi ta zuba, hawaye, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka na rawa, numfashi na gurnani. Dangin wannan magani ne ake fesa wa fara, kamar yadda aka yi a mamayar 1988 da ta 2004, kuma karnuka da kaji sukan bi matacciyar farar su ci. Karen da ya kai wannan hali ba ya iya tsare hanyar numfashinsa, aman da aka tilasta masa shi zai shaƙe shi. In a fata maganin yake, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya rufe hannunsa; makarinsa allurar atirofin ce, ita ma a hannun ma'aikacin kiwo take.

Akwai guba biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce istirkinin, wadda tun zamanin mulkin Faransa har bayan samun ƴancin kai aka yi ta sa wa cikin nama don kashe diloli da kuraye a yankin makiyaya, da karnukan da ba su da masu su a cikin garuruwa. Ta kashe abin da aka nufa, ta haɗa da ungulaye da sauran namun dajin da ba su ci ba su sha ba, kuma har yau duk wanda ya sa guba a mushe don ya rama wa dila, karen maƙwabcinsa yake fara samu. Alamarta ba ta ɓuya: cikin ƴan mintoci zuwa awa 2 jiki ya sanƙare, ƙafafu su miƙe, wuya ya lanƙwashe baya, ƙaramin motsi ko ƙara ko haske ya tada farfaɗiya. Dannewa da buɗe baki su ne ainihin abin da ke tada ta. Abin da ya rage ga mai kare shi ne inuwa, duhu da shiru, har a samu mai allurar kwantar da jijiya. Ta biyu ita ce baƙin garin maganin ɓera mai warin tafarnuwa, da ƴar'uwarsa ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari. Waɗannan in sun gamu da ruwan tumbi sai su saki iska mai guba, wadda ke fitowa tare da aman ta kama wanda ke tsugune a kai. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da labarin ma'aikata 8 na asibitocin dabbobi da wannan iska ta buga tsakanin 2006 da 2011, a lokuta huɗu dabam-dabam, duk daga aman karnuka. In haka ta faru da masu safar hannu da tagogi, ina ga yaron da ya rungume karensa cikin bukka? In irin wannan kare ya fara amai da kansa, a fitar da shi fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a kori yara.

To, in sharuɗɗan can sun cika, me ake ba shi? A hannun lokotoro akwai allurar afomorfin mai sa amai cikin ƴan mintoci, a Turai kuma tun 2018 an yarda da wani maganin ɗigawa a ido mai yin wannan aiki. Mutumin Gure da ke da kimanin kilomita 160 tsakaninsa da Damagaram, balle na Taskar da ke bayan rairayi, ba zai dogara da su ba. Abu guda da ake iya samu a farmasi wanda likitoci suka yarda da shi a gida shi ne ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, wanda a kan kwalbarsa aka rubuta eau oxygénée 10 volumes, wato mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. A duba lambar da kyau: mai 20 ko 30 na rina gashi ne, yana ƙona ciki. Awonsa mililita 1 zuwa 2 ne a kan kowane kilo, kuma komai girman kare ba a wuce mililita 45, wato babban cokali 3. Karnukan rugga yawancinsu tsakanin kilo 15 ne da 25. Mai kilo 15 babban cokali 1 zuwa 2 ya ishe shi. A fara ba shi ɗan lomar tuwo, don tumbin da ke da abu a ciki ya fi saurin juyawa. A zuba maganin da sirinji marar allura ta gefen kunci, sannu-sannu, ana barinsa ya haɗiye da kansa, ba a ɗaga kansa sama ba. Sannan a ɗan zaga da shi. Aman kan zo cikin minti 10 zuwa 15. In bai zo ba ana iya maimaitawa sau ɗaya tak, daga nan a tsaya ko da bai yi ba. Kwalbar da aka daɗe da buɗewa ta sha zafin ɗaki ta zama ruwa, ba ta aiki. Kuma kada a ɗauka wannan magani ba shi da illa: binciken da aka yi ta hanyar leƙa cikin karnuka da madubin likita ya nuna yana barin gyambo a tumbi na ƴan kwanaki, don haka ba abin gwaji ba ne a kan zato. Kyanwa kuwa ba a ba ta shi sam.

Bayan aman, a hana karen komawa kansa, a hana kaji, a tona rami a binne. A ɗauki kwalin ko ƙunshin abin da ya ci a tafi da shi, domin sunan da ke jiki shi ne ke gaya wa mai magani makarin da zai nema. Gawayin da likitoci ke bayarwa don ya tsotse guba a hanji gawayi ne da aka sarrafa musamman. Na murhu da aka daka bai kai shi ba ko kusa. A yau waya ta kai ruggage da yawa, kuma tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara a Dakoro a 2003, ya horar da mataimaka a ƙauyuka da dama na ƙasar nan. A ganinmu horon nasu ya fi karkata ga shanu da raƙuma da ƙananan bisashe, kare kuwa an bar shi a baya, alhali shi ke tsaron su duka. Ƙara darasi guda kan guba da awon wannan magani ba zai ci kuɗin kirki ba.

Saura zura hannu a baki, wanda muka ajiye har ƙarshe da gangan. Karen da ke dalalar da miyau, muƙamuƙinsa a sake, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, mai yiwuwa ba guba ya ci ba, ba kuma ƙashi ba ne. Haka nau'in haukan kare mai shanye jiki yake fara bayyana, ba tare da cizo ko hargowa ba, kuma ƙwayar cutar tana cikin wannan miyau. Ƙaramin tsagu a yatsa ya ishe ta shiga. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59.000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunta sun fito a jikin mutum babu magani. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna abin da ke yiwuwa: a 2012 da 2013 an yi wa kimanin kashi 70 cikin 100 na karnukan Njamena allura, cutar ta ɗauke a birnin har tsawon watanni, kafin karnukan da ke shigowa daga waje su dawo da ita. Wanda miyan irin wannan kare ya taɓa masa ciwo, ko haƙori ya karce shi garin buɗe baki, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ya nufi gidan likita a ranar don allura, kada ya jira ya ga abin da zai faru da karen. Shi kuma karen a ɗaure shi nesa da yara da bisashe, a aje masa ruwa daga nesa, a sanar da ma'aikatar kiwo ta gunduma, a sa masa ido har kwana 10.